Yatsun Tutiya

Ƙarfe huɗu na yamma a Dundee, duhu ya riga ya sauka.
Hazo ya haɗiye gadar kogin Tay.
Morag ta rataye farar rigarta, ta ce in kashe fitilu in zan fita.
Saura ni da firji mai gurnani,
da wani furotin da na shekara uku ina bin sawunsa.

A cibiyar kowane tantanin jiki
akwai zare, DNA, in an miƙe shi ya fi ni tsawo,
an naɗe shi a ƙananan kwarkwaro, an cusa
a ɗakin da tsinin allura ya fi shi faɗi.
Tufka biyu ce. Na san tufka.
Babana igiyar rama yake yi a Gumel,
yana murzawa a cinya har gashin wurin ya daina fitowa.
Garin nan ma da zaren buhu ya ci abinci,
yanzu tsofaffin masaƙun sun zama gidajen haya.

Furotin ɗina ba shi da ido,
ba ya kuma warware tufkar don ya karanta.
Ko'ina yakan sauka, kamar baƙon da mota ta ajiye a unguwar da bai sani ba,
ya rungumi zaren sako-sako,
ya bi kwarin da ke tsakanin murɗa da murɗa
yana lalube.
Yatsu uku gare shi, kowanne ƙwayar tutiya ce ta tallafe shi,
kowanne haruffa uku yake shafawa ta gefe:
nan tudu, nan rami, nan ana jan sa, nan ana ture shi.
Ba nan ba ne. Ya zame gaba.
Ba nan ba ne.
Ya saki, ruwa ya tafi da shi, ya sake kamawa can nesa.
Haruffa biliyan uku, shi tara yake nema a jere.
In ya same su ba ya guɗa,
damƙa kawai yake yi,
sai wata ƙwayar gado da ta daɗe tana barci
ta farka ta soma magana.

Ran Talata na canza masa harafi ɗaya.
Ɗaya tak, na tsakiya.
Ya zo, ya taɓa, ya wuce
kamar bai taɓa kwana a gidan ba.

Ran Juma'a Sagiru ya kira, ya juya wayar.
Baba na kan tabarma, ya rame,
tafinsa na murza cinya, babu rama.
Na ce, Baba, Tasalla ce.
Ya dubi gilashin, ya yi mini sannu da zuwa irin ta baƙi,
ya tambayi Sagiru ko an kawo mini ruwa.

Na san sunan ciwon tun likita bai faɗa ba.
Sanin bai hana ni zama a kan matakala
har mai goge-goge ya zo ya kewaye ni da bokitinsa ba.

Da ina kusa, da na kama hannunsa na ɗora
a tabon goshina, inda bakin rijiya ya sare ni,
shi ya goya ni har asibiti ran nan, ba takalmi.
Amma waya santsi gare ta,
ba tudu, ba kwari, ba abin da yatsa zai tsaya a kai.

Na dai ƙirga da na'ura:
kafin ya dace sau ɗaya
furotin nan yakan faɗa inda ba nasa ba sau dubbai,
bai kuma taɓa ɗaukar hakan a bakin amsa ba.

Na kashe fitilu.
Yayyafi a titin Perth, bas ta wuce ni.
A Gumel yanzu an idar da isha'i.
Na lalubo lambar Sagiru da yatsan da sanyi ya kashe.
Yau ba zan faɗi sunana ba.
Zan ce, Malam, igiya nake so in koya,
ta ina ake kamawa?