Ga Masu Zuwa Daura Ran Asabar

Ku taso da an sallame asuba,
kada ku tsaya jiran shayi ya huce.
Wanda ya bar gida da hantsi
da ƙanzo za a tarbe shi.

Na Kano, ku biyo ta Kazaure.
In kun ga duwatsu sun tsuguna a gefen titi
kamar dattawa a wurin ɗaurin aure,
kun ci fiye da rabi.
Na jirgi, ku sauka Katsina.
Nafi'u zai jira ku da motarsa
mai ƙofar da ba ta buɗuwa ta ciki.
Kada ranku ya ɓaci,
shi zai zagayo ya buɗe.

Damina ce, ku zo da lema.
Gero ya fi mutum tsayi,
korama kuma ba ta san shadda ba.
Gwaggo Ladidi, da ke nake:
ki bar takalmin nan mai tsini a Abuja,
lungunmu laka ne.

Ku riƙo kuɗi a aljihu.
Mai fura ba ta san tiransifa ba,
ta ce ita ba ta damu a waya.
In kun matsa wajen Kwangwalam
waya ta yi muku barka da zuwa Nijar,
kada ku firgita,
iska ce ba ta da fasfo.

Da safe a je Kusugu.
A tuɓe takalmi, a sassauta murya,
a zura guga, a kurɓa.
Mai ba da labarin rijiyar
a bar shi ya kai ƙarshe.
Kawu Sidi, mun san ka yi digiri,
ka haɗiye tambayarka har mu fito.

Gaisuwa a nan doguwa ce.
Za a tambayi gajiya, a tambayi ruwa,
a tambayi waɗanda kuka baro,
har da wanda ya rasu ba a ji ba.
Ku amsa duka.
Sauri ba ya buɗe ƙofa a garin nan.

In Inna Tabawa ta ƙara muku dambu,
kada ku ce kun ƙoshi.
Shekara hamsin Baba na faɗa,
bai taɓa yin nasara ba.

Shi kuwa Malam Mamuda tela,
kada ku ce masa ango.
Da muka kai masa zancen biki
ko kai bai ɗaga daga keken ɗinki ba.
Ya ce, “Me za a yi wa taro?
Zama aka yi, Allah ya rufa asiri.”
Amma na ga ya auna sabuwar riga cikin dare,
ya ɗinka mata aljihu biyu,
ɗaya na goro, ɗaya na maganinta.

Saura wuri guda,
wanda babu mai rakiya da ya san shi.
Bayan tsohuwar tasha, ku karya hagu,
za ku ga rumfar mai cajin waya
da kututture a gindinta.
Da can ɗurumi ne.
Nan yake jingine kekensa kowace Laraba,
yana gyara sarƙar da ba ta lalace ba
har ta wuce da tulu.
Wata bakwai bai ce uffan ba.
Ita ce ta gaji, ta tsaya,
ta ce, “Malam, keken nan ba ya warkewa ne?”

Babu allo a wurin, babu mai karɓar kuɗi.
Ku tsaya kaɗan.
In kun ɗauki hoto, kada ku nuna masa,
zai ce ba nan ba ne.
Ku tambayi Inna.

Allah ya kawo ku lafiya.
Taro ƙarfe huɗu, bayan la'asar.
Na rubuta biyu a kati
domin na san halinku.