Gwangwanin Baba Sidiku

A Adum, bayan shagon mai gyaran agogo,
akwai maɗaba'a mai warin kananzir da tawada.
Nan Baba ya yi shekara goma sha tara
da buroshi siriri kamar gashin ido
da kwalbar farin fenti.

Tsofaffin littattafan soyayya ne masu zane,
sun tsallako teku a ɗaure da igiya,
takardarsu ta koma launin ruwan shayi.
Kafin a sake buga su a kai Kejetiya
sai sun bi ta teburinsa,
don masu tacewa sun aiko da wasiƙa,
Agya Boakye kuwa ba ya son hatimi a ƙofarsa.

To, Baba ne telan 'yan matan takarda.
Wuyan riga ya faɗa, ya ɗaga shi har maƙogwaro.
Siket ya tsaya a gwiwa, ya sauke shi idon sawu.
Inda leɓe ya kusa riskar leɓe
sai ya dasa tukunyar fure,
ko ya jawo labule daga bangon da ba taga.
Akwai wata nas mai jan gashi
da ta ce wa saurayinta,
"Jira ni a tashar jirgi, yau ba zan kwana a gida ba."
Baba ya shafe, ya sa mata a baki:
"Bari in tambayi mahaifiyata."

Ni a haka na karanta su, a Aboabo,
ina 'yar sha uku, da fitilar ƙwai a gefen tabarma,
ina mamakin Turawa.
Me ya sa furanni suka yi musu yawa?
Me zai sa mutum biyu su rufe ido, su miƙa wuya,
don kawai su shinshini tukunya?
Na tambayi Baba. Ya ɓantari goro, ya ce,
"Haka Allah ya yi su."

Bara da damina muka yi sadakar arba'in ɗinsa.
Ruwan Kumasi na dukan kwano kamar mai bin bashi.
A ƙasan akwati, ƙarƙashin rigunan Juma'a,
na tarar da gwangwanin madara, murfi duk tsatsa.
Sai da na sa wuƙa.

Ashe ba duka yake shafewa ba.
Abin da ya fi ƙarfin fenti, reza ke cirewa.
Ga su nan birjik, ƙanana kamar kan sarki:
hannu a ƙugu,
kafaɗa ba mayafi,
sumba, sumba, wata sumbar,
ga kuma mai jan gashin riƙe da jaka,
jirgi na hayaƙi a gabanta, ba ta waiwayo ba.
A bayan kowace ya sa lambar shafi da fensir,
kamar mai riƙon amana da ke jiran mai kaya.

Na kai wa Inna Azumi, gabana na faɗuwa.
Ta sa tabarau, ta daɗe tana tonawa da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ta zaro ɗaya mai tabon mai a gefe,
ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
"Wannan a ƙullin waina ya aiko min,
tun bai san ƙofar gidanmu ba.
Washegari na mayar masa, ba ni da wurin ɓoyo.
Ku ne kuke cewa ubanku ba ya magana."

Satin nan na zagaye masu tsofaffin littattafai,
sidi biyar na sayo bugun da ke da shafinta.
Shafi na sha bakwai.
Na ɗora sumbar a gurbinta, ta zauna daram.

Sai dai ta rufe tukunyar furen,
furen kuwa na Baba ne,
ganye bakwai, ɗaya ya ɗan karkace
inda hannunsa ya yi rawa.

Kwalbar gam tana nan kan tebur.
Har yau ban buɗe ta ba.