Rubu'in Juyi

A Valparaíso gidanmu na can ƙwanƙolin tudu,
matakala ɗari da sittin da biyu daga titi.
Ta tagar kicin ana hango tashar jiragen ruwa,
ana hango injin Baba, ja, mai dogon wuya,
yana tsamo kwantena kamar zalɓe a bakin gulbi.

Ranar Talata Malama Quilodrán ta cika allo,
alli har gwiwar hannunta.
Ta ce bekta kibiya ce, da tsawonta, da inda ta dosa.
Ɗora gindin wannan a tsinin waccan, ta uku ta fito.
Miƙe ta, rage ta, mayar da ita baya,
duk yawonta ba ta ƙetare gida ba,
gidan nan shi ne sarari.
Na rubuta. Ban gane ba.
Na ja layi biyu a ƙasa, kamar layin zai gane mini.

Da dare Baba ya hawo yana haki,
warin gishiri da man inji a rigarsa.
Abokan aiki Evaristo suke ce masa,
makarantarsa ta tsaya a aji shida.
Ya leƙa littafin, yana tsoma burodi a shayi.
"Ginshiƙai kuma? Gini ake koya muku?"
Na zuba masa haddata kamar aku:
kibau mafi ƙaranci da za su kai ka ko'ina.
Ya tauna, ya haɗiye.
"Sanda uku gare ni a ɗakin tuƙi.
Gaba da baya. Dama da hagu. Sama da ƙasa.
Shekara ashirin da huɗu,
babu lungun jirgin da ƙugiyata ba ta sauka ba.
Ƙara mini ta huɗu, cin wuri kawai za ta yi.
Cire ɗaya, in sauko in dawo gida."

Biro ya tsaya a hannuna.

Sai na buɗe shafin da ke hana ni barci:
ɗan harafi siriri da ɗigo a ka,
wai in ya ninka kansa
sai ya faɗa taki ɗaya ƙasa da sifili.
Lambar zato suke ce mata.
Malama ta ce mu daina nemanta a kan layi,
ita aikinta juyi ne, rubu'i guda.
Yau ni ce da ranko.
Na ce, tashi, Baba, fuskanci teku.
Juya hagu. Ga bangon maƙwabciya da shanyarta.
Sake juyawa. Ya ba teku baya.
Ka gani? Juyi biyu, gaba ya koma baya,
ɗaya ya zama akasin kansa.
Ya ƙarasa sauran biyun da kofi a hannu,
shayi ya zuba a silifas ɗinsa,
ga fitilun tasha sun dawo cikin idonsa.
"Duk wannan jiri don in tsaya inda nake?"

Ya karɓi biron, riƙon guduma,
ya zana hannun injinsa a karkace.
Inuwarsa a ƙasa da tsakar rana, na ce kosayin.
Tazarar kansa daga ƙasa, na ce sayin.
Ninka lamba biyu, tsawo ya ninka tsawo,
kusurwa ta hau bayan kusurwa.
Ya gyaɗa kai. Ashe gyangyaɗi ne,
ƙarfe huɗu na asuba zai sauka.

Ranar Juma'a, tambaya ta uku:
nemo lambobin da in an jera su sau uku
aka ninka, ɗaya za ta fito.
Na zana da'ira, na dasa su uku,
tazara daidai, kamar duwatsun murhu.
Ta biyar kam ta kayar da ni, babu musu.

Da na fito, hazo ya rufe tasha.
Wuyan injin kaɗai ke sama,
yana juyawa a hankali zuwa hagu.