Sai Laraba

Jirage uku gare mu a Quellón.
Biyu 'yan bana ne, ƙamshin fenti bai sake su ba.
Na ukun, Don Casimiro, ya girme ni da shekara huɗu,
in ya yi tari, duk gaɓar ta san Laraba ta yi.

Ni ne mai ɗaure motoci.
Sarƙa a kafaɗa, alli a aljihu,
ina ƙirga abin da cikinsa ya haɗiye:
tireloli biyu na abincin kifi,
buhun dankali saba'in,
tukwanen gas, kwanon rufi,
akuya ɗaya da ba ta cikin takarda,
da akwatin gawa, fanko, ana jiran sa a Melinka.

A allon ofis hanya jan layi ce,
kamar zaren da aka ja daga tsibiri zuwa tsibiri.
Wanda ya zana bai taɓa amai a Corcovado ba,
inda ruwa ke miƙewa tsaye
ya leƙa ɗakin matuƙi.

Doña Herminia Chiguay kujerarta ɗaya ce,
jikin bututun ɗumi.
Duk wata takan haye ganin likitan ido,
ta dawo da labari, gani kuwa shiru.
Da kunne take bin hanya:
"Inji ya sassauta, ɗana, mun kusa Aguirre."
Ba ta taɓa kuskure ba.

Jiya Baldovino ya manna takarda a ƙofar kicin.
Daga mako mai zuwa sabon jirgi zai karɓi layin.
Za a rage awa uku,
a tsallake ƙananan tashoshi biyu,
don bakinsa ya fi ƙarfin matakalarsu.
Casimiro kuwa, wai an yi cinikinsa a sikeli,
kilo-kilo, kamar dankali.

Ban gaya wa Herminia ba.
Na ƙara mata ruwan zafi a ganyen mate,
na sauka ƙasa
na sake ɗaure abin da yake ɗaure.

Da asuba muka raɓi tashar da allo bai san sunanta ba:
gida tara, kare ɗaya,
fitila a hannun yaro.
Na miƙa masa buhun fulawa da wasiƙar uwarsa.
Ya ce, "Sai Laraba."
Ruwan sama na gangarowa ta wuyan rigata.
Na ce, "Sai Laraba,"
na janye igiya.