Lamba Arba'in da Bakwai

Kwalbarsa ta iso ni da hantsi,
jini cokali biyu, da lamba a jiki.
A takarda na ga sunan:
Malam Tanimu, mai ɗinkin hula, Ƙofar Kuyambana.

Ya gaya wa likita allura ta fara guje masa.
Yatsu sun yi kauri kamar rogo,
zoben azurfa sai da maƙeri ya yanke,
takalmin sallar bara ya ƙi ƙafar bana.
A majalisa aka ce hutu ne ya karɓe shi,
ƙanwarsa ta ce sammu, ta kawo turare.

A Shika muka juya jinin cikin inji
har ruwansa ya taso, fatsi-fatsi kamar man gyaɗa.
Wuta ta ɗauke sau biyu.
Na tsaya gaban firji ina ƙirga mintoci
har janareta ya yi tari ya tashi.

Da sakamako ya fito,
sinadarin girma ya cika ya batse
kamar Kubanni a tsakiyar damina.
Hoto ya tona mai laifin:
ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, bai fi gujiya ba,
yana ta ce wa ƙashin dattijo, ƙaru, ƙaru.

A bincikenmu layi ɗaya ne,
farfesa zai karanta ya wuce.
Amma hular da ke kaina ɗinkin birni ce,
ban san hannun da ya yi ta ba.
Na cire ta, na bi zaren sili-sili da ido,
sannan na sa hannu a takardar.