Sana'ar Uba

Habsu ta komo daga lekwal da takarda.
Ta cika sunanta, ta cika nawa,
ta tsaya a layi na huɗu, bik a baki:
"Baba, mushe ya ce a rubuta sana'ar uba."
Na duba layin. Bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Na ce ta jawo tabarma.

Ubangidana na fari jaki ne.
Ina shekara goma sha ɗaya ina binsa,
jarka huɗu, daga rijiya zuwa Bilbis.
Ya fi ni sanin gidajen masu biya.
Ƙofar da ake cewa "sai gobe"
ko na buge shi ba ya tsayawa.

Rani bakwai na yi a Galmi
ina ɗinke bakin buhu, ina ɗora wa kamiyo.
Albasar da na ɗaure ta riga ni ganin teku.
Da na bi sawunta Abijan
agogo na sayar, talatin bisa allo guda,
kowane da irin lokacinsa.
Babu wanda ya gaya mini lokacin komawa gida
sai wasiƙar da ta ce tsohuwa ba ta cin tuwo.

A Kaita dutse na ɗauka a ka,
aka biya mu da mai da gwangwanin kifi.
Itacen da na dasa can sun yi inuwa.
Bara na ratsa su cikin mota,
awakin wani na kwance a gindinsu.

Tabalak, in tabki ya cika, bandar kifi.
Uwarki ta ce wata biyu ana jin warina a matashi.

Jajibirin layya nakan wanke raguna da omo
don Alhaji Arzika ya ƙara jika biyar a kai.
Na riƙe ƙahon rago ya fi ɗari uku,
ban taɓa jan guda zuwa ƙofarmu ba
sai shekarar da aka haife ki,
shi ma rabinsa bashi.

Fetur a kwalba, daga Ƙwanni.
Wannan tabo na ƙwauri, shi ne ribar.

Shekarar da kokowa ta zo Tawa
kwana goma ina cikin fili da ruwan leda,
fuskata wajen masu ƙishi, bayana wajen ƴan kokowa.
Kaye ko ɗaya ban gani ba.
Ihu kawai nake ji, in san wani ya sha ƙasa,
in ci gaba da neman canji.

Lokacin zaɓe na jera kujeru wa jam'iyya uku yini guda.
Kujerun dai su ne.

Na yi gadin farmasi, dare ɗari biyu da wani abu,
a kwalin magani na koyi haɗa baƙi.
Shi ya sa nake iya karanta sunanki.

Damana kuwa, barema.
Nomau aka raɗa mini, don cikin noma na faɗo,
gonar kuma ta tafi shekarar da shanu suka mutu.
Tun daga nan haukata ta san gonar kowa a Kalfu.

Habsu ta ce, "Baba, bai shiga."
Na ce na sani.
Ta ɗan ciji bik, ta rubuta kalma guda da Faransanci,
ta ce ma'anarta mai aikin yini.
Har wuri ya ragu a layin.

Kafin in ce wani abu salula ta yi kuka.
Illa magini ne, gobe ana zuba dal a Wadata,
mutum shida yake biɗa, da asuba.
Na ce ya sa ni ciki,
ya kuma ɓoye mini shebur ɗin nan mai sabuwar ƙota.