Harufa Huɗu

Shekara talatin da tara ina buga tafireta
a hawa na uku, ofishin kula da yara na birnin Hull,
tagata na kallon jiragen kamun kifi.
Ba ni ke zaɓen kalma ba. Kawo mini ake yi, in buga.

A watana na farko Misis Oldroyd ta ajiye mini fayil,
ta ce kwafi uku, kafin shayin ƙarfe huɗu.
Yarinya 'yar tara, Glenys.
Takardar ta ce an yi mata katsalandan,
kalmar da muke faɗa in rediyo ya kama shuu,
ko suruka ta sa baki a girkin da ba nata ba.
Na buga. Na sha shayina.

Lauyoyi suka zo da tasu: farmaki na rashin ɗa'a.
Rashin ɗa'a! Sai ka ce wanda ya yi gyatsa a coci.
Wani likita ya fi son taɓawar da ba ta dace ba,
da bakin da ake cewa jan takalmi bai dace da jana'iza ba.

Turancin ofis safar hannu gare shi.
Ya ɗauki garwashi, ya ajiye maka a faranti,
ya ce yi hankali, da ɗan ɗumi.

Akwai wadda ta tsaya mini a maƙoshi,
ta taje gashin doki.
Ita aka ara wa mutumin da ke zuwa da alewa,
ya san sunan karen gidan,
ya gyara wa uwa famfo kyauta,
wata shida yana haƙa rami da cokali.
Wannan kam ta faɗi rabin gaskiya:
da hannu mai laushi ake yi.

Na buga karuwa gaban sunan 'yar sha uku.
Da yatsun nan. Ban ƙirga sau nawa ba.
Sai da furfura ta cim mini aka turo takarda daga sama
cewa yaro ba ya sana'ar nan, zaluntarsa ake yi,
a goge, a gyara.
A kwamfuta dannawa ɗaya ce.
Na cikin kabad ɗin ƙasa kuwa, tawada ta daɗe da bushewa.

In yaro ya yi shiru har ya girma,
sai a ce laifin na tarihi ne,
kamar tsohuwar gada, kamar takobi a gilashi.
Kowane layi kuma da ana zargin.
Na san dalili, kotu ba ta yanke ba.
Amma na lura kusa da yaron take zama.

Can ƙasan shafi, da fensir, nasu maganar:
Ya ce in na faɗa, Mama za ta mutu.
Ba doguwar kalma ko ɗaya.
Nan kaɗai yatsuna ke tuntuɓe.

Bara, a layin kantin magani,
wata mai furfura ta ji an kira sunana, ta juyo.
Ke ce H.P. da ke ƙasan takarduna?
Ta karɓo fayil ɗinta, ta karance shi a tebur ɗin kicin,
dare uku, da ƙamus a gefe.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, Hilda, kin iya bugu, ba kuskure ko ɗaya.
Sai dai na nemi abin da ya same ni, ban gan shi ba.
Fyaɗe ne. Harufa huɗu a bakinmu.
Tsoron ƙarewar tawada kuka yi?

Aka kira lambarta. Ta karɓi maganin hawan jini, ta fita cikin ruwan sama.

Na dawo gida, na sauko da tsohuwar tafireta daga kan kabad,
na hure ta, na sa farar takarda.
Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba.